Awa Shida a Kan Katifa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi,

Ina gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya, duk da cewa bango ɗaya ne ya raba ɗakinki da nawa kuma na ji motsinki tun da safe. Allah ya tsare ki, ya tsare hanyar da za ki bi gobe, ya sauke ki Badun lafiya. Ki lura na ce gobe.

Takarda na zaɓa saboda ke 'yar fari ce. Shekara ashirin da huɗu ban zaunar da ke na yi miki doguwar magana ido cikin ido ba. Na yi jami'a, na daɗe ina koyar da 'yan mata ilimin halittu, amma digiri bai cire min wannan kunyar ba. Sai ki yi haƙuri da rubutu.

Ga abin da na gani. Ran Litinin kin haɗa kayanki tsaf. Ran Laraba kin gan ni ina dafa bango kafin in miƙe daga sallar la'asar, da yamma sai ga atamfofinki sun koma kan igiya. Jiya kuma na ji kina tambayar Babanki ko wurin binciken irin shuka da ya ɗauke ki aiki zai yarda ki ɗaga zuwanki sai baɗi. Kin san ba zai yarda ba. Takardarsu ta ce ki fara aiki ran Litinin mai zuwa, ni ma na karanta ta, kuma motar gobe Asabar ce ta ƙarshe da za ta kai ki a kan lokaci. Kina shirin sakin aikin nan ne don ƙona jijiyar da aka yi min a baya bai ci ba. Kina ganin likitoci sun gama nasu, saura jinya. To bari in ba ki labarin yadda abin ya faru, tunda kina bautar ƙasa aka yi shi, kuma abin da ake gaya miki a waya shi ne da sauƙi.

Kin san ciwon. Ƙasan baya ne, ɓangaren dama, in na daɗe a tsaye gaban allo ko na zo miƙewa daga zaune. Da muka je Kano, likitan ya ce yana zargin wasu ƙananan gaɓoɓi da ke jere a ƙashin baya. Ya ce akwai 'yan siraran jijiyoyi da ke ɗauko saƙon ciwo daga wurin, in aka ƙona su da bakin allura mai zafi saƙon zai yanke. Amma kafin nan sai an gwada.

“Malama,” in ji shi, “wannan allurar ta yau ba magani ba ce, tambaya ce. Za ta kashe jijiyoyin na kamar awa shida. Ki koma gida ki yi duk abin da ke tayar miki da ciwon. Ki tsaya, ki yi shara, ki zauna ki miƙe, ki zaga. Duk awa ɗaya ki rubuta min lamba, daga sifili zuwa goma. In ciwon ya ɓace kina cikin aiki, mun kama ɓarawon.”

Na gane sarai. Ni da nake sa yara su shuka wake a gwangwani biyu, ɗaya a rana ɗaya a ƙarƙashin tebur, ai babu mai koya min menene gwaji.

Kafin mu iso gida Gwaggonki Lami ta riga ta baza labari cewa an soka wa Malama allura a ƙashin baya. Na tarar an fito da katifa rumfa, an shimfiɗa sabon zanin gado, mata sun fara taruwa dubiya. Wata da kunun tsamiya, wata da lemo, wata da labarin ƙanwar kishiyar uwarta da aka yi wa irin wannan allurar ta daina tafiya. Na miƙa hannu zan ɗauki tsintsiya, Gwaggo Lami ta rigaye ni.

“Ke! Ajiye. So kike a ce dangin miji sun ƙarasa ki da aiki?”

Na ce, “Yaya, likita ne ya ce in yi shara.”

Ta ce, “Likita ya ce ki yi shara? To shi ya zo ya yi. Kwanta.”

Na kwanta. Yaya za ki tashi ki hau zagaye gida alhali dattijuwa ta taso tun daga bayan Bagwai ta zo ce miki sannu? Awa shida ina kwance ina amsa gaisuwa. Duk awa sai in jawo takardar daga ƙarƙashin matashi in rubuta biyu, ɗaya, biyu. Kuma ba ƙarya na rubuta ba. Abin da kawai ban rubuta ba shi ne, ni dama ciwon bai taɓa kama ni a kwance ba.

Da muka koma, likitan ya dubi lambobin ya ji daɗi. Ya ce, “Kin dai yi zirga-zirga ko?” Babanki na zaune a gefe, ya bar dashen tumatir a Watari kwana biyu saboda ni. Na ce na yi. Sau biyu na je banɗaki, na lissafa shi a matsayin zirga-zirga. Ya ce yakan so a maimaita gwajin don a tabbatar, na ce hanya da nisa, ba sai an yi ba. Haka aka sa rana aka ƙona jijiyoyin da mai yiwuwa ba su taɓa yi min laifin komai ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Abin da nake so ki ɗauka daga ciki: amsar da ake ba mai dubiya daban, wadda ake ba likita daban. Mai dubiya ki ce masa alhamdulillahi, haƙƙinsa ke nan. Likita kuwa ki gaya masa inda ke ciwo, da yaushe, da abin da kika yi da wanda ba ki yi ba. A wurin aikinki ma za su ba ki gwaje-gwaje. Ranar da ba ki bi ƙa'idar gwaji ba, ki faɗa, ko da wanda ya sha wahala dominki yana zaune a gefe. Kunyar minti ɗaya na guda, na saya wa kaina ta watanni.

Bayan ƙonawar likitan ya ce wurin zai yi tsami na 'yan kwanaki, kuma kada in yanke hukunci sai an yi kamar sati shida. In babu canji in dawo. Sati shida ya wuce, ciwo na nan inda na bar shi. Ban koma ba. Na ji kamar ɗalibar da ta saci amsa ta ci jarrabawa, aka ba ta aji ta koyar. Komawa na nufin in faɗi abin da na yi. Sai na zauna ina ce wa kowa da sauƙi, har da ke, har wata huɗu.

A cikin watannin nan ne na bi hanyoyin da kike ganin tabonsu in kina shafa min man zafi. Wanzami ya zo ya yi min ƙaho sau biyu. Ba zan yi masa ƙazafi ba, kwana biyu na ji wurin ya saki, a rana ta uku ciwon ya dawo ya tarar da sabbin tsage. Bayan shi sai mai kemis a Bici. Ya fara ba ni masu kashe zafi na kullum, na sha har cikina ya fara ƙuna. Da na koka sai ya sauke murya ya ce, “Hajiya, akwai wani mai ƙarfi, amma ke babba ce, kin san yadda za ki sha.” Tiramol ne, wanda nake yi wa iyayen yara wa'azi a kansa. Na karɓa. Ya yi aiki kuwa, wannan ce matsalarsa. A sati na uku na kama kaina ina duba agogo tun kafin ciwon ya motsa. Na tsorata. Na fara ragewa da kaina, na sha jiri da zufa da faɗa da kowa ba dalili, daga baya likita ya ce da na zo da an rage min shi a tsare, ba sai na sha wannan wahalar ba.

Za ki zauna a garin da babu mai sa miki ido sai Gwaggonki ta can unguwar Sabo, ita ma tana kasuwa wuni guda. Duk maganin da mai sayarwa ya sauke murya kafin ya miƙo miki, ki bar masa kayansa. Kuma kada ki ɗauka karatu zai kare ki. Ni na san sunan abin, na san yadda yake aiki a ƙwaƙwalwa, na iya zana shi a allo, na kuma haɗiye shi da ruwan randa.

Ranar da na koma wurin likitan na faɗi gaskiya, na shirya shan faɗa. Dariya ya yi har da cire tabarau. Ya ce, “Malama, ba ke ce ta farko da 'yan dubiya suka lalata min gwaji ba.” Sannan ya ce in ƙonawa ba ta ci ba, ba a cewa an ƙare, tambaya ake yi me ya sa. Wani lokaci allurar ce ba ta sami jijiyar daidai ba, sai a sake. Wani lokaci ta ci, an ji sauƙi na watanni, jijiyar ta sake tsirowa, shi ma a sake. Wani lokaci kuma tun farko ba daga nan ciwon yake ba. Ya danna min wani wuri can ƙasa, inda ƙashin baya ya haɗu da kwankwaso, na yi ƙarar da ban yi ba ko a haihuwarki. Ya ce, “To, ga sabon wanda ake tuhuma.”

Da na koma tun a sati na shida, da tuni mun wuce nan. Ki riƙe wannan. In abu bai yi ba, ki koma wurin wanda ya yi shi ki ce bai yi ba. Rashin cin ma labari ne da yake buƙata.

Akwai wani kuskuren da ya fi ba ni haushi, don na girman kai ne. Tun zuwan farko likitan ya rubuta min sashen gashin ƙashi, inda ake koya wa mutum motsa jiki. Na ninke takardar na sa a jaka. A ganina wannan shi ake ba mutum in an rasa abin da za a yi masa. Ni allura nake so, da inji, da abin da za a ce an yi aiki. Wannan karon da ya sake turawa na je. Wa zan tarar? Rifkatu, wata yarinya daga ƙauyen Kiristocin nan na gefen dam, wadda na koyar a aji uku, na kuma taɓa sa ta tsallen kwaɗo don ba ta yi aikin gida ba. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta kwantar da ni a tabarmar roba ta ce in ɗaga ƙugu in ƙirga goma. Na kai huɗu.

Ta ce, “Malama, tsokokin da ya kamata su riƙe miki bayan nan sun yi ritaya kafin ke.”

Duk zuwa sai ta tare ni da murmushi. “Malama, an yi aikin gida?”

Na ce, “Rifkatu, ramuwa kike yi.”

Ta ce, “Wallahi a'a, Malama. Da ramuwa ce da tsallen kwaɗo zan sa ki.”

Wata biyu ke nan. Ba zan ce miki na warke ba. Amma da ina yin minti goma a tsaye, yanzu ina kai rabin darasi kafin in nemi kujera. Dafa bangon da kika gani ran Laraba, wata uku da suka wuce a zaune nake sallar gaba ɗaya. Ke kin ga mace tana dafa bango, ni na ga mace ta yi sujada. Kada ki raina abu don ba shi da kwarjini. Mafi yawan abin da ke gyara mutum maimaici ne mai gundura.

Yanzu ga inda muke, don kada ki tafi kina zato. An sake ɗaukar hoton bayan, irin wanda ake tura mutum cikin inji. Babu jijiyar da ƙashi ya danne, saboda haka babu maganar tiyata. Likitan ya ce ba a buɗe baya don ciwo kawai, sai an ga abin da za a gyara. Nan da sati biyu za a yi min allurar gwaji a wannan mahaɗar ta kwankwaso. In ta nuna nan ne, akwai allurar rage kumburi da ake yi a wurin, in sauƙinta bai daɗe ba ana iya ƙona jijiyoyin can. In ciwon ya fara sauka ƙafa, akwai wata allurar daban da ake yi kusa da lakar baya. Ya canja min magani zuwa wanda ba ya cin ciki, ya ce in rage ƙiba, wanda na ɗauka a matsayin ra'ayinsa. Ya ma ambaci wata 'yar na'ura mai batir da ake dasawa a ƙarƙashin fata ta riƙa rikita saƙon ciwo, ya ce sai komai ya ƙi ake zancenta, kuma ba a ko'ina ake yi ba. Na ce ya bar ta tukuna, garin da ake kai waya shago a yi mata caji ba a dasa wa mutum batir. Babanki kuma an yi masa bayani: in ƙafata ta saki, ko tsakanin cinyoyina ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi tsayawa, ranar za a tafi asibiti, ba a jiran gari ya waye ko a gama ban ruwa. Na sa Baban naki ya maimaita min sau biyu.

Gwajin kuwa, wannan karon a harabar asibitin zan yi awa shidana, Rifkatu za ta sa ni hawa bene da sauka. Na gaya wa Gwaggo Lami komai. Ta ce, “Au, ashe ni na ɓata?” Na ce ni na ɓata, ita dai ta kawo katifa. Ta ce to za ta bi ni Kano, ita za ta riƙe takardar, kuma in na zauna sai ta ga dalili. Na fi jin tsoronta a kan allurar.

Zai yiwu duk a yi wannan ciwon bai tafi gaba ɗaya ba. Na tambaya, an gaya min, na karɓa. Abin da nake nema shi ne in gama darasi a tsaye in kuma kai goshina ƙasa. Ki duba jerin nan da kyau, Ummi, ki nuna min wurin da zamanki zai canja sakamako. Allurar ba ke za ki yi ba. Ɗaga ƙugun ba ke za ki yi min ba. Ruwa da girki akwai masu yi, da ma suna yi kafin ki dawo.

Saura kuskure ɗaya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekarar da na gama jami'a an ba ni gurbin ƙarin karatu a kudu. Ana saura kwana tara in tafi, Iya, mahaifiyata, ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Ba wanda ya ce in zauna. Yayyena mata biyu suna aure a garin, matar Kawunki tana cikin gidan. Ni na zauna, kuma na ji daɗin yadda ake nuna ni ana cewa ga 'yar albarka. Yabon ya yi wata uku ya ƙare. Iya ta yi shekara tara.

Na yi mata jinya, ban fasa ba ko rana ɗaya. Amma akwai ranakun da in ina cuɗa mata baya hannuna ya fi yadda ya kamata nauyi, kuma ta sani. Wata rana ina ɗaura mata zani, ta dube ni da bakin nan nata da ya karkace ta ce, “Ni na ce ki zauna?” Na ci gaba da ɗaurin zanin. Ta ce, “Kin zauna, kuma kullum sai na biya.” Ita ke nan maganar. Ba ta sake tayar da ita ba har ta rasu, ni kuma ban taɓa neman gafararta a kai ba, don neman gafarar na nufin in yarda gaskiya ta faɗa.

Ban ce rayuwata ta lalace ba. Na sami aji, na sami Babanki, wanda mutum ne mai haƙuri in aka cire lokacin tumatir, na same ku. Amma na san abin da zama irin wannan yake yi wa hannun 'ya, kuma ni ce zan kasance a ƙarƙashin hannun. Kina da kirki, Ummi, kin fi ni. Shekara biyu za ki yi kina da kirki. Bayan nan za ki ji an ce wata ƙawarki ta zama wani abu a wurin da kika bari, ki shigo ki miƙo min buta, ni kuma in gane daga yadda kika ajiye ta. Ciwon baya zan iya zama da shi. Wannan ba zan iya ba.

Ban taɓa ɗora miki nauyin haƙƙina na uwa ba, ko a zaɓen karatu ko a zancen masu zuwa zance. Yau zan yi, sau ɗaya. Na yafe miki jinyata, duniya da lahira, babu komai a kanki. Abin da ban yarda ba shi ne ki zauna. Ki shiga motar gobe.

Abu ɗaya nake so a madadi. Daga yau in kin kira kin ce yaya jiki, gaskiya zan gaya miki. Wata rana zan ce bakwai ne, ko takwas, ban iya zuwa makaranta ba. In kin ji haka kada ki nufi tasha. Ki saurara kawai, ki ce min sannu, ki koma bakin aikinki.

Allah ya kiyaye ki a hanya da masauki. Ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin da kika gani da wanda ba ki gani ba. Ya ba ki lafiyar jiki, ya sa albarka a abin da za ki koya da abin da za ki ci. Ya jiƙan Iya, ya yafe min abin da ke tsakanina da ita. Allah ya yi miki albarka.

Wassalam,
Innarki